Ƙyallin Tukunyar Meksiko

Likita Uwais ya ajiye biro, ya juyo da kujerarsa ya fuskanci Haulat.

"Hajiya, a cikin me kike yi wa yarinyar nan girki?"

Haulat ta gyara wa 'yarta Shakira kwanciya a kafaɗa. Shekarar yarinyar uku, amma ta koma sakayau kamar ɗan tsako. Tun bayan azumi take fama da ciwon ciki, ga ƙin abinci, ga kukan da ba shi da dalili. Abin da ya fi tsorata uwar shi ne kalmomin da Shakira ta iya a bara sun fara zubewa daga bakinta ɗaya bayan ɗaya. Ko "Umma" ma sai an yi da gaske.

"A tukunya mana, Likita," in ji mijinta Tanko, yana wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

"Gwajin jini ya nuna akwai gubar dalma a jikinta, mai yawa kuwa," in ji likitan. Bakatsine ne, maganarsa a hankali take fita, shi ya sa ta fi ratsa jiki. "Dole mu san ta inda take shiga. Kuna sa mata kwalli? Akwai tsohon fenti da take ɓantara? Ko kuna da kwanon ƙasa mai sheƙi?"

Haulat ta tuno kicin ɗinta. Ta ga tukunyar a idonta, a girke kan murhu, ja kamar garwashi, an zagaye bakinta da fararen furanni, cikinta yana ƙyalli kamar an shafa zuma.

"Akwai ta ƙasa," ta ce. "Ta Meksiko. A ciki nake jiƙa tsamiya ta kwana, in dama mata kunu da safe."

Likitan ya rufe ido na ɗan lokaci.

"Tsamiya," ya ce. "Ba ƙasar ce matsala ba, Hajiya, wannan ƙyallin ne. Wasu maginan can da dalma suke haɗa shi. Akwai masu kyau, waɗanda aka gwada aka buga musu hatimi a gindi cewa babu dalma. Wadda ba a gwada ba kuwa, ado kawai ake yi da ita. Abu mai tsami shi ke jawo gubar, tsamiya, tumatir, zoɓo, lemon tsami, balle a bar shi ya kwana. Wanki ba ya fitar da ita, tafasa ma ba ta fitar da ita. Ina kuka samo ta? Akwai wasu da suke da irinta?"

Haulat ta buɗe baki. A ƙarƙashin tebur, takalmin Tanko ya taka mata yatsa.

"Tsaraba ce," in ji shi. "Guda ɗaya tal."

* * *

Ba tsaraba ba ce, kuma ba ɗaya ba ce.

Tanko mai kula da sito ne a wani gidan abincin Meksiko da ke unguwar Al Mirqab a birnin Doha. Wata rana da la'asar ya shigo ɗakinsu na unguwar Bin Mahmud da kwalaye cike da tukwane da tuluna, ya ce an canza kayan kicin, an ba shi tsofaffin. Haulat ta ɗaga ɗaya ta sansana, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya mayar da ita tsakar gidan kakarta a Ƙaura. Ta yi mata irin tarbar da kakar ke yi wa sabuwar tukunya: ta jiƙa ta, ta shafe bayanta da mai, ta tafasa ruwan wankin gero a ciki. A saninta, duk duniya ba abin da ya kai tukunyar ƙasa lafiya. Silba da roba ne ake tsoro.

Ita da kanta ta ɗauki hoto ta tura zauren wasaf na matan Najeriya. Kafin Juma'a mata sun saye, kwalayen sun zama fanko.

Yanzu ga su tsaye a ɗan kicin ɗinsu, tukunyar tana tsakaninsu, na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani. Shakira ta yi barci a kan tabarmar salla.

"Baban Shakira, ka sani?"

"Me na sani?"

"Ka san abin da ya sa suka fitar da su?"

Ya goge fuska da tafin hannu. "'Yan baladiyya ne, hukumar birni, suka zo duba kicin, suka ce a farfasa. Manaja ya ce in kai bola, na sa hannu cewa na kai. Wallahi na ɗauka iyayi ne irin nasu. Mutanen da ke zubar da shinkafa don ta kwana? Mu da muka tashi muna cin tuwo a kasko, me ya same mu?"

"To ga abin da ya same mu nan a kwance."

Bai kalli tabarmar ba.

"Zan rubuta a zaure," ta ce, ta ɗauko wayarta. "Kowa ta daina."

Ya riƙe mata hannu. Ba da ƙarfi ba, amma bai saki ba.

"Ki rubuta, Haulat. Mata nawa ne a zauren nan? Kafin magariba mijin wata ya kai maganar asibiti, asibiti su kai baladiyya, baladiyya su kira kafil, mai gidan da bizata ke hannunsa. Kayan da hukuma ta ce a lalata na kwashe na sayar. Kin san sunan wannan a garin nan? Halas, shi ke nan, an soke min biza, in ma ban kwana a hannun 'yan sanda ba."

"Sai mu bar 'ya'yan mutane..."

"Taki fa? Kin ji abin da likita ya ce. Magani da gwaji, a yi ta dawowa wata da watanni. Da katin wa ake ganinta? In aka sa mu a jirgi, a wane asibitin Ƙaura za ki sami wannan? Ki faɗa min."

Haulat ta sauke wayar. Tana ƙarama aka yi zancen gubar dalma a ƙauyukan jiharsu masu haƙar zinariya. Ta tuna ƙananan kaburbura da aka nuna a talabijin, jere kamar kunyar gyaɗa. A lokacin ta yi ta mamakin yadda manya suka bari abin ya kai haka.

"Matan za su gaji da tukwanen," in ji Tanko, murya ƙasa-ƙasa. "Ƙasa ce, fashewa take yi. Ki bar wa Allah."

Ya naɗe tukunyar a tsohuwar jarida, ya sa a leda, ya fita da ita. Ta ji ƙarar fashewarta daga can ƙasan bene.

* * *

Ta kwana tana lissafa fuskoki, amma ɗaya ce ta ƙi barin idonta. Bilqis, Maman Sayibu, da ke hawa na sama da su. Ita ta raka ta asibiti ranar haihuwar Shakira, ita ta dama mata kunun kanwa a garin da ba uwa ba kaka. Yanzu cikinta ya tsufa, ba abin da ke zama mata sai zoɓo. Ita ta ɗauki babban tulun nan mai kunne biyu.

Washegari da azahar, bayan Tanko ya tafi aiki, Haulat ta goya Shakira ta hau bene. A kowace matakala tana shirya magana, ta gaba ta rushe ta.

"Oyoyo, 'yar kasuwa!" Bilqis ta buɗe ƙofa tana tura ciki gaba. "Yau an tuna da talakawa? Shigo kafin zafin nan ya soya ki. Ya jikin amaryata Shakira?"

"Da sauƙi."

Tulun yana kan tebur a tsakiyar falo, an rufe bakinsa da faifai, jikinsa yana gumi. Ɗanta Sayibu yana zaune a ƙasa yana tura motar roba, leɓensa ja.

"Maman Sayibu, dama... tulun nan na zo ki mayar min. In ba ki na gilashi, sabo."

Bilqis ta kwashe da dariya har tana riƙe ƙugu. "Kin ji ta! An sami mai saye da tsada ko? To ba ki isa ba. Ni da firij mun ɓata, zoɓonsa ɗanɗanon roba yake yi. Wannan kuwa, in na jiƙa da dare, da safe har wani zaƙi-zaƙi yake ƙarawa, ba sai na cika sukari ba. Hannatu maƙwabciyarmu ma ta roƙe ni na hana."

"Don Allah."

"Ke lafiya? Kin ga yadda fuskarki ta yi kuwa?" Bilqis ta ɗauko kofi ta tsiyaya. Ruwan ya zubo ja wur, ƙamshin citta da kanumfari ya cika falon. "Bari in jiƙa maƙoshi tukuna, sai ki faɗa min wanda ya taɓa ki. In Tanko ne, yau sai ya san yana da suruka a Doha."

Ta ɗaga kofin zuwa bakinta.

"Ba ni," in ji Haulat. Hannunta ya riga maganar isa. "Ƙishi nake ji."

Ta kafa kai ta shanye. Yana da sanyi, yana da daɗi, daɗin ya fi komai ciwo.

"Ƙara min."

"Ikon Allah! Ko ke ma an gamu ne?" Bilqis ta kashe ido tana tsiyayawa. "Shakira za ta yi ƙane ba a gaya mana ba?"

Sayibu ya taso ya miƙo ɗan kofinsa. Haulat ta karɓe, ta ce manya tukuna. Yaron ya turo baki. Ta sha nasa, ta sha wani, ta ƙara wani, har cikinta ya ɗaure, har ta ji hawaye suna taruwa, har Bilqis ta karkata tulun ya ɗiga sau biyu ya tsaya. Dariyar Bilqis ta ragu. Ta zuba mata ido.

"Maman Shakira, akwai magana a bakinki."

A bayanta Shakira ta motsa, ta yi wani ɗan sauti mai kama da farkon kalma, ta koma barci. Numfashinta mai ɗumi yana sauka a wuyan uwar. Haulat ta ji nauyin katin asibitin da ke cikin jakarta. Gobe ne za a fara magani.

"Babu," ta ce. "Gajiya ce."

Ta miƙe da ƙyar. Bilqis ta rungumi tulun a gefen cikinta ta nufi kicin, tana mita cikin wasa cewa an yashe ta da rana tsaka, dole ta jiƙa na gobe tun yanzu, ta ninka ma, tunda ta yi sabuwar abokiyar sha.

Haulat ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a kan mariƙi.

"Bilqis."

"Na'am?"

Daga kicin ta ji an zuba busasshen zoɓo, yana ƙaras-ƙaras a gindin tulun.

"A gaida maigida."

"Zai ji. Ja min ƙofar."

Ta ja. Bene ya yi tsit, sai ƙarar famfo daga ciki, ruwa yana zuba, sautinsa yana hawa a hankali yayin da tulun ke cika. Haulat ta sa gefen mayafinta ta goge baki. Ta duba. Jan ya kama farin yadin, ta murza, ta sake murzawa, ya ƙi fita.