Ɗakin Inna a Bakin Fadama

Aikina a ofishin tsara gari ba ya jawo wa mutum farin jini. Duk inda ake sabon gini ni ake turawa, in duba ko an haƙa tafkin tara ruwan sama, in tabbatar ba a ci iyakar fadama ba. In an ci, in shafa jan fenti a bango, alamar rusau. Na gaji da fentin nan, warinsa har gida yake bi na.

Ranar da aka tura ni sabuwar unguwar bayan gada, tun daga nesa na gane hular Yayana. Ashe filinsa ne na ƙarshe, na bakin fadama. Ɗaki yake gina wa Inna don ta huta da hawa benen haya, gwiwoyinta sun daɗe da ƙin aikin. Gini har ya kai linta.

"Auta, ke suka turo? Faɗuwa ta zo daidai da zama!" in ji shi. "Da kaina na auna daga bakin ruwa. Na bar abin da doka ta ce, har da ƙari."

"Yaushe ka auna, Yaya?"

"Da rani mana. Wa zai shiga taɓo da tef?"

Da rani fadama janyewa take, ta koma kamar ruwa a faranti. Doka kuwa daga inda ruwa ke kaiwa da damina take aunawa. Na nuna masa busasshiyar laka a gindin bishiyar da ke jikin bangonsa, daidai gwiwata.

"Ai tafkin da aka haƙa zai shanye," in ji shi.

"Tafkin na ruwan titi ne da na rufin gidaje. Nan gidan ruwa ka shigo, Yaya."

"To ki kau da kai mana. Ni bare ne?"

"In na kau da kai, ruwan zai kau? Inna ce fa za ta kwana a nan, da ƙafar da ba ta gudu."

Ya zauna a kan bulo, ya cire hula ya ɗora a cinya. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Na shafa fentin ɗan ƙarami, amma ja ja ne.

Da yamma na hau benen Inna. Na tarar tana ƙarasa ɗinkin labule, kayanta a ɗaure a lungu.

"Yayanki ya bugo ɗazu da safe, ya ce ke kika je dubawa. Kin ga ɗakina? Ina tagar take kallo?"

"Ruwa take kallo, Inna."

"Madalla, zan sha iska." Ta kamo hannuna. "Wannan jan fa? Yankewa kika yi?"

Ta sa bakin sabon labulenta tana goge mini yatsu, ni kuwa na kasa janye hannun.