Ranar da Banki Ya Zo Ƙirga Jakai

Shekara tara na yi ina magatakardan kwamitin kuɗi a majalisar gundumarmu, ban taɓa ganin ƙudurin da ya wuce da sauri kamar na harajin jakai ba. Shugaban kwamitin, Mheshimiwa (wato mai girma) Mutinda Kivuva, ya kawo shi ne bayan abincin rana, lokacin da rabin 'yan majalisa ke gyangyaɗi. Gunduma za ta ci bashin shilin miliyan ɗari biyu a banki ta gina kasuwa, a biya da haraji: kowane jakin ɗiban ruwa, shilin ɗari biyar a wata. Takardarsa ta ce muna da jakai dubu ashirin.

Na san ba su kai dubu biyu ba. Na raɗa masa haka a baranda.

"Nzioka, kai ka ƙirga su?" in ji shi.

"A'a, Mheshimiwa."

"To wanda ya ƙirga daga Nairobi ya zo, a mota, kuma mun biya shi. Kama bakinka."

Bayan wata guda banki ya aiko cewa sai ma'aikaciyarsu ta ga jakan da idonta kafin a saki kuɗi. Mutinda ya aike ni bakin rafi wurin Mama Syombua, shugabar mata masu sayar da ruwa. Na same ta zaune a kan jarka tana cin dafaffiyar masara da wake. Na ce muna son aron jakai ɗari uku ranar Alhamis, su bi ta gindin dutse.

"Su bi sau nawa, ɗana?"

Na sunkuyar da kai.

"Na gane," ta ce. "Shilin ɗari bakwai kowane jaki, kowane zagaye. Kuɗi a hannu tun da safe."

"Mama, majalisa ba ta biya kafin aiki."

"To majalisa ta ɗaura jarka a baya ta zagaya da kanta."

Aka biya.

Ranar Alhamis aka kafa rumfa a bakin hanya. Ma'aikaciyar bankin, wata matashiya mai tabarau da ake kira Wanza, ta zauna da littafinta, Mutinda na gefenta yana tura mata shayi da soyayyen naman akuya. Jakai suka fara wucewa. Da sun sha kwana a bayan dutse, matan sai su canja ɗankwali su sake fitowa. Matsalar ɗaya ce: akwai wani farin jaki mai yankakken kunne da ba ya wuce rumfar sai ya tsaya ya yi kuka.

A karo na biyar Wanza ta cire tabarau.

"Mheshimiwa, wannan jakin yana da 'yan'uwa da yawa."

"Irin na yankinmu ke nan, 'yata. Haka ake haihuwarsu."

Ni dai na san in asiri ya tonu ni za a kama, don sa hannuna ne a ƙasan takardun. A zagaye na bakwai jakan suka kwanta a tsakiyar hanya, duka da lallashi suka ƙi tashi. Wanza ta rufe littafi. Da na raka ta mota na ce ta yi mini rai, ina da 'ya'ya a makaranta.

"Kwantar da hankalinka," ta ce. "Shugabana a banki ya sa hannu tun makon jiya. Shekara ta kusa ƙarewa bai cika adadin bashin da aka yanka masa ya bayar ba. Hoto kawai aka aiko ni ɗauka."

Kuɗi suka fito. Hayar jakan, kusan shilin miliyan ɗaya da rabi, aka ce in shigar da ita ƙarƙashin wayar da kan jama'a. 'Yan majalisa talatin suka tafi ƙasar waje kwana goma don koyon yadda ake gina kasuwa. A filin kasuwar kuwa an kafa allo mai kyau da hoton Mutinda.

Matan suka haɗa kuɗin hayar da na jakan da suka sayar a gundumar makwabta, suka sayi babura masu ƙafa uku na ɗiban ruwa don guje wa haraji. Watan farko harajin da aka tara bai kai kuɗin man motar masu karɓarsa ba. Majalisa ta yi kwana biyu tana muhawara, a ƙarshe ta zartar da cewa duk abin da ya ɗauki jarka a gundumar nan, a idon doka jaki ne.

Mama Syombua ta biya ba gardama. Sai dai ta sa jikarta ta karanta mata dokar kaf, ta tarar cewa jakin da aka biya wa haraji yana da haƙƙin magani kyauta. Washegari ta turo babur mai fasasshiyar taya har ƙofar likitan dabbobi, ta zauna a kan benci da rasit a hannu. Likitan ya rubuto wa kwamitinmu yana neman kuɗin tayoyi sittin da makaniki ɗaya. Mutinda ya karanta, ya ce in duba ko akwai wani bankin da bai san mu ba tukuna.