Azarar Malam Manu

"Malam Manu, tsakar damina kake cire azara? Sauko, don Allah!"

Ta katanga na leƙa na same shi bisa ɗakinsa, yana ɓamɓare rufin da sungumi. Maƙwabcina ne shekara goma sha tara a bakin gulbi, nan Bungudu, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.

"Haliru, gulbin ga bai gama da mu ba," in ji shi. "Dubi tururuwa, tun jiya suka kwashe ƙwansu."

Tun ambaliyar bara, da ruwa ya tafi da rumbunsa da akuya huɗu, bai sake zama ba. Ya je Tsafe neman wurin komawa, ya ce ruwan duwatsu na gangarowa da ƙarfi. Ya duba Sabon Garin Gusau, ya ce kwatoci sun toshe. Duk ranar da aka yi ruwa sai ya hau kekensa yana bin inda Fulani ke kwantar da shanu, wai saniya ba ta kwana inda ruwa ke kwana. Haka ya samu tudu kusa da Furfuri, ya tada ɗaki biyu. Saura rufi, kuma mutumin Bungudu ba ya barin azarar giginya ta gado a baya.

"Ginin ƙasa ba rufi, ruwa zai sha shi," na ce.

"Kwana ukku ne, mu tashi."

Matarsa Zuwaira ta tsaya da tukunya a hannu tana kallon gabas. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ga ɗakinsu a buɗe. Wallahi gabana ya faɗi.

Kwana biyu ana ruwa ba tsayawa. Bangon tsohon ɗakin ya jiƙe har ya fara zubo da ƙasa. Rana ta uku da hantsi amalanke ta zo, aka ɗora kaya, Zuwaira ta hau. Azara ɗaya ta rage.

"Bar ta, Malam!" ta ce.

"Ta babana ce."

Ya shiga. Ba mu ji wata ƙara ba, sai wani tim, kamar an sauke buhun gero. Da hannu muka tono shi ƙarƙashin bangon, rai ya yi halinsa. Na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Da azarar da ya cire muka rufa ginin Furfuri. Gulbi ya zo bayan sati, ya share unguwarmu tas. Ni da iyalina a ɗakin Furfuri muka fake, wurin Zuwaira. Ƙasa a bushe take. Ta gurbin azara ɗayan nan ne kawai ruwa ke ɗiga, ta ajiye ƙwarya a ƙarƙashi.