Inda Ake Sunkuyar da Kai

Sana'ar Malam ita ce shirya masu neman shiga makarantar lauyoyi, ya koya musu amsa tambayoyin baka. A ɗan ofishinsa mai kujera biyu da madubi ya horar da wata ɗaliba wadda yayanta ke tsare shekara da shekaru ba a kai shi gaban alƙali ba. Saboda shi take son zama lauya.

Ranar farko kuka ya hana ta ƙarasa labarin yayan nata.

"Masu tambaya ba su da lokacin hawaye," in ji Malam. "In kin ambace shi, ki ɗan yi shiru, ki sunkuyar da kai, ki ci gaba."

Suka yi ta maimaitawa har labarin ya zauna mata a baki sumul. Duk da haka ba a ɗauke ta ba.

Wata rana da hantsi ta shigo ta zauna.

"Malam, Yaya ya rasu a can ciki."

Ta ɗan yi shiru, ta sunkuyar da kai, daidai yadda ya koya mata. Malam ya zuba mata ido. Ta ɗago, idonta a bushe ƙamas.

"Tun jiya nake neman kukan na rasa. Kai ka cire shi, Malam. Ta ina ake mayar da shi?"