Yunwar Jibo a Gidan Maitama

Tun kafin Nasara su san hanyar ƙasar nan, akwai wata 'yar unguwa kusa da Dayi da rafi biyu suka sa a tsakiya. In marka ta kankama sai ta koma tsibiri, ba shiga ba fita. Haka ruwa ya rutsa da Jibo, wani Bafulatani mai garke, a gidan Maitama.

Gona ya zo dubawa. Gonar Maitama ta gaji, kuma in shanun Jibo ba su sauka a cikinta da rani sun zuba taki ba, baɗi gidan zai sha wuya. Hansai matar Maitama ta san haka sarai, don haka ta zage ta tuƙa tuwon da ita kanta ta yaba.

Aka kai zaure. Maitama ya zauna gaban baƙo ya tsura masa ido, wai girmamawa.

"Bismillah, Malam Jibo."

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi," in ji Jibo.

Akushi ya dawo yadda ya tafi. A unguwar nan kuwa, baƙon da ya ƙi abincinka akwai abin da ya ƙullace ka da shi. Hansai ta tsorata, sannan ta ji haushi. Washegari ta sa aka yanka zakara. Maitama, sarkin dabara, ya gayyato maƙwabta su taya baƙo ci, har da wani Buzu mai gishiri da shi ma ruwa ya tsare, mai cusa loma ta ƙarƙashin amawali. Idanu suka yi wa Jibo caa. Ya ce ya ƙoshi. Maƙwabta suka cinye zakara har ƙashi.

Da hantsi Hansai ta zaga bayan rumbu neman ƙwai, sai ga Jibo, bawan Allah, a tsugune yana gaigayar ɗanyar masara, yana waige-waige. Tausayi ya kama ta. Nan ta tuna ba ta taɓa ganin Bafulatana mai tallan nono ta sa loma a baki cikin kasuwa ba. Ashe kunya ce ke neman halaka shi, su kuma sai ƙara tara masa jama'a suke yi! Ta ja da baya a hankali.

Da azahar ta aika da akushi. Tana jin zaure ya cika ta kwarma ihu.

"Birai! Birai sun shiga masara a fadama!"

Maza suka zabura da sanduna, Buzu da takobinsa. Jibo ma ya miƙe, sai ta ce daga bayan zana, "Malam, kai dai tsare muna zauren, kada akuya ta shiga tuwon nan."

Suka dawo suna haki, ko jelar biri ba su gani ba. Akushi kuwa tas.

"Akuyar ta shiga ke nan?" in ji Maitama. Jibo ya ɗaga kai yana duban jinka.

Birai ba su fasa zuwa da azahar ba har ruwa ya janye.

Ranar tafiya Jibo ya saɓa sandarsa, ya tsaya a ƙofar zaure.

"Bayan girbi shanu na nan tahe," ya ce. "Amma ka riƙa jin maganar maiɗakinka, Maitama. Ta hi ka ganin birai."

Hansai ta toshe baki da gefen zane, tana dariya har da hawaye.