Gudun Safe da Manya

Akanta ake ce masa, duk da tun da ya gama karatu bai taɓa lissafa kuɗin kowa ba. Ya nemi aiki har ya gaji, sai ya ji wani masani a rediyo yana cewa aiki a sanin mutane yake, amma kada ka kuskura ka nuna yunwarka, don manya ba sa son mai roƙo.

Akanta ya riƙe maganar kamar wasiyya. Ya gano filin da manya ke zagayawa da sassafe don rage tumbi, ya ari takalmin gudu na ƙanen matarsa, ya shiga sahu. Mutumin da ko shayi bai sha ba, ga shi yana ƙona kitsen da ba shi da shi.

Ya kuwa dace da wani manajan kamfanin robobi mai yawan haki. Manaja ya yi tari, Akanta ya ce sannu. Manaja ya yi barkwancin da ya yi jiya, Akanta ya yi dariya har da riƙe ciki. In an tambaye shi sana'a, sai ya kaɗa hannu ya ce, "'Yan harkoki ne nan da can."

"Baban yara, yau ma gumin aka kawo mana?" in ji matarsa, tana kankare gindin tukunya.

"Ke ba ki san dabara ba. Ana shuka ne kafin a girba."

Ran nan ƙanen matar, wanda shi ma lissafin ya karanta yake zaune, ya gaji da jiran takalminsa ya biyo shi filin. Kunya ta kama Akanta, ya ce ya jira a gefe, ya tafi ƙarasa zagayensa. Ya hango shi yana gaida Manaja a kan benci, bai kawo komai a ransa ba.

Bayan mako guda Manaja ya dafa kafaɗarsa, yana haki.

"Surukin nan naka na ɗauke shi. Mun daɗe muna neman mai lissafi. Har na so in yi maka maganar, sai na ce ina ni ina raina babban mutum irinka da ɗan albashinmu? Shi kuwa daga gaisuwa ya ce aiki yake nema. Ka ja masa kunne ya riƙe amana."

Baƙin ciki ya kama Akanta. Amma sabo ya yi sabo, sai ya ji bakinsa ya yi dariya ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Ya isa gida ya tarar da surukin yana goge rigar zuwa ofis. Ya tuɓe takalmin ya tura masa.

"Haba Yaya, ka riƙe kawai," in ji surukin. "Ni yanzu ina na ga lokacin gudu?"