Tsakar Gida a Hawa na Tara

Tun tana makarantar koyon zanen gine-gine 'yan gidansu suke kiranta Injiniya. Ta yi gyara har ta gaji, cewa ita zane take yi, injiniya daban ne, babu wanda ya saurare ta. Mahaifiyarta kaɗai ce ba ta bi yayi ba. Auta take ce mata, ko da a gaban leburori ne.

Unguwar da aka haifi Auta ta cika har ta batse. Gidan da a da iyali ɗaya ke ciki an yanyanka shi ɗakuna, an rufe tsakar gida da kwano an zuba 'yan haya. Lungu ya matse, masu baro biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya ja da baya. In ruwa ya sauko sai ya rasa hanya ya bi mutane har ƙarƙashin gado. Shi ya sa da aka ce za a rushe unguwar a gina dogon bene, a ba kowane mai gida wurinsa a ciki a sayar da ragowar, kuma kamfanin da take wa aiki ne ya samu kwangilar, Auta ta ji kamar addu'arta ce aka amsa.

Ta zuba duk abin da ta sani a zanen nan. Abin da ta fi ji da shi shi ne filin da ta bari a kowane hawa na uku: babu ɗaki, babu bango ta gefe biyu, sai iska da haske, da bencin siminti, da famfo, da igiyoyin shanya. Ta san mutanen unguwarsu. In aka kulle kowa a bayan ƙofarsa, tsofaffi za su fara mutuwa tun suna numfashi. Ta kuma sa lif, wato na'urar hawa da sauka a bene, guda biyu, ƙarami na yau da kullum, da babba wanda gado zai shiga.

Mai kamfanin ba mugun mutum ba ne. Ya daɗe yana kallon zanen, ya cire tabarau ya murza ido.

"Ya yi kyau," in ji shi. "Amma kowane fili a nan, gidajen iyalai ne kika bar wa iska. Kin ga mutanen da ke kwana a ƙarƙashin gada? Su ma 'yan garin nan ne."

"Ranka ya daɗe, ba akwatuna za mu jera ba. Mutane ne za su zauna."

"Na ji. To ki zaɓa. Ko a toshe filayen nan a yi gidaje, ko a cire babban lif a rage faɗin matakala, mu samu ɗakuna ta nan. Doka ta yarda da lif ɗaya. Biyun dai ba za su yiwu ba."

Ta yi musu, ta kawo misalai, ta sake zane ta dawo. Bai motsa ba. A ƙarshe ta zaɓi filayen. Ta ce wa kanta lif inji ne, in ya lalace a gyara, amma fili in aka toshe shi ya tafi ke nan.

Mama ta samu gida a hawa na tara, ƙofarta na kallon fili. Ranar da ta tare ta leƙa ƙasa ta baranda, ta ja da baya da sauri tana dafe da ƙirji.

"Auta, kin kai ni sama tun ban mutu ba!"

Amma ba a daɗe ba ta saba. Filin ya zama abin da Auta ta yi fata, har ya wuce. Mata suka jera tukwanen shuka a bakin ƙarfen baranda. Wani tela da ke maƙwabtaka da Mama ya fito da kekensa waje saboda haske, yana ɗinki yana sa baki a hirar da ba a gayyace shi ba. Mama ta kafa kujerarta kusa da famfo, ta zama alƙaliyar rigimar yara da ta igiyar shanya. Baƙi daga wasu garuruwa suka riƙa zuwa ɗaukar hoto. Auta takan kawo su, ta tsaya gefe tana jin daɗi a ranta.

Sai dai garin bai daina cika ba, benen ma haka. Wanda aka ba ɗaki uku ya sa haya a ɗaya. Ƙanne da 'ya'yan 'yan uwa suka taho neman aiki suka shimfiɗa katifa a falo. Lif ɗin da aka yi wa lissafin mutane kaɗan ya koma ɗaukar ninkinsu, da buhunan abinci, da jarkokin ruwa, har da babur wani ya taɓa turawa ciki. Ya fara tsayawa tsakanin hawa da hawa. A gyara yau, jibi ya sake. Daga baya mai gyaran ya ce wani ƙarfe ne ya ci, kuma sai an yi odarsa daga waje. Aka liƙa kwali a ƙofar lif ɗin, kwalin ya yi ƙura har ya yage.

Auta ta yi ta sintiri ofishin mai kula da benen. Kullum amsa ɗaya: kayan na hanya. Mama kuwa gwiwoyinta ba sa son matakala, sai ta daina sauka gaba ɗaya, har ranar ganin likitanta na hawan jini ta wuce.

"Mama, mu sa a sauko da ke a hankali, kina hutawa."

"In je ƙasa in yi me? Ƙasan ne ke zuwa wurina. Ga mai kayan miya na hawowa, ga hira. Ke dai kawo min maganin, ai sunansa bai canza ba."

Auta ta kawo maganin, ta bar zancen.

Wata rana da hantsi tana wurin wani sabon gini, hular kwano a kanta, tana gardama da magina a kan rodi, wayarta ta yi ƙara. Tela ne.

"Injiniya, ki taho yanzu. Mama ta faɗi tana shanya. Bakinta ya karkace, ba ta magana."

Titi ya cushe kamar kullum. Ta bar motarta a gefen hanya ko kullewa ba ta tuna ta yi ba, ta tare babur ɗin haya. Ko da ta isa, motar asibiti na bakin benen da ƙofa a buɗe, babu kowa a ciki. Ta cire takalmanta ta kama matakala da gudu.

A hawa na bakwai ta ci karo da su. Ma'aikatan asibiti biyu sun ɗaure Mama a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, sun sauko da ita zuwa kwanar matakala, gadon ya ƙi juyawa. Kansa ya tokare bango, ƙafarsa ta maƙale a ƙarfen riƙo. Da za su hau a tsaye suka ɗauko shi, babu kowa a kai. Yanzu da mutum a kwance ba dama. Yayanta, wanda direban bas ne, ya riga ta zuwa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana ta cewa a ɗaga, a karkata, a ɗaga.

"Ba zai wuce ba," Auta ta ce tana haki. "Ku daina gwadawa. Duk kwanonin haka suke har ƙasa."

Babu wanda ya tambaye ta yadda aka yi ta sani. Tela ya ruga sama ya dawo da bargo mai kauri. Aka kwance Mama aka mayar da ita ciki, maza suka kama gefe-gefe. Wata mata ta leƙa ramin matakala ta ƙwala kira, sai ga ƙofofi na buɗewa, mutanen filin hawa na shida da na uku suna fitowa, kowa ya san Mama, kowa ya san kujerarta. Suka jeru a matakala. In hannun wasu ya gaji wasu su karɓa. Wurin ya yi zafi, babu iska, sai numfashi da salati da ƙarar silifa.

Auta na riƙe da ƙafar mahaifiyarta ta dama. Ƙafar ta yi nauyi, ta saki, kamar ba ta jikin mutum ba. Idon Mama a buɗe yake, yana bin silin.

A wata kwana gwiwar hannun wani mutum ta gurji bango har ta yi jini. Baƙo ne a benen, bai san Auta ba.

"Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya zana matakalar nan," ya ce. "Ko akuya ba a yi wa wannan hanya ba."

Tela ya ɗago ya dube ta, ya mayar da kansa ƙasa. Yaya bai ko waiwayo ba. Aka ci gaba da sauka.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya tambayi lokacin da ta faɗi, da aka gaya masa sai ya ce irin wannan ciwo ba ya son jira, amma za su yi iya ƙoƙarinsu. Mama ta rayu. Hannu da ƙafar dama ba su dawo ba, harshenta ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ta yi ta kokawa da ita.

Yaya ya riƙe maganarsa har sai da aka fito da Mama daga ɗakin kulawa ta musamman. Sannan ya ja Auta zuwa ƙarshen baranda, inda ake ajiye kekunan marasa lafiya.

"An ce da lif biyu ne a zanen. Haka ne?"

"Haka ne, Yaya."

"Wa ya cire ɗayan?"

"An ba ni zaɓi ne. Ko shi, ko filayen."

"Filayen." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Wurin shanya. Kika ɗauki tsohuwa kika ɗora a sama, kika bar mata hanya ɗaya kamar ta ɓera, don masu hoto su zo su tafa miki."

"Mutanen filayen nan ne suka sauko da ita, Yaya. Da ba su san ta ba..."

"Da akwai lif, da ba a nemi kowa ba!"

Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce su rage murya. Auta na da amsoshi, ta sha ba baƙi masu zuwa kallon benen irinsu, amma babu wadda za ta iya faɗa a barandar nan.

Da sallama daga asibiti ta matso, sai maganar inda Mama za ta zauna ta taso. An gyara lif ɗin a lokacin, amma likita ya ce za a riƙa kawo ta gashin ƙashi a kai a kai, kuma babu mai iya rantsuwa cewa injin ba zai sake tsayawa ba. Ƙasan benen shaguna ne da wurin ajiye motoci. Gidan Auta kuwa ɗaki ɗaya ne, shi ma a saman wani bene. Sai ta shiga bin ƙofofin hawa na ɗaya da na biyu tana neman wanda zai yi musaya, ya koma na tara, ga iska ga fili. Suka karɓe ta da mutunci, suka yi mata jaje, suka ce a'a. Wata mata kuwa sai ta buɗe labulen ɗaki ta nuna mata surukinta kwance a katifa, ƙafafunsa a kumbure. Auta ta yi masa sannu ta fito.

Gidan Yaya ya rage, can ƙarshen gari inda kwalta ta ƙare, gidan haya mai doguwar katanga, maƙwabta ba su san juna ba. Da aka gaya wa Mama, ta girgiza kai. Ta ɗaga hannun hagu ta nuna sama, ta yi ta ƙoƙari har kalmar ta fito.

"Gi... da."

"Sai kin ƙara jin sauƙi, Mama," in ji Yaya. Auta ta juya tana gyara zanin gado da ba ya bukatar gyara.

Ita ta je kwashe kayan. Matan hawa na tara suka taya ta ɗaure tukwane da ninke zannuwa, suna tambaya yaushe Mama za ta dawo. Ta ce sai yadda hali ya yi. Tela ya ce a bar masa shukokinta, zai riƙa ba su ruwa. Da aka zo ɗaukar katifa ya hana lebura, ya saɓa ta da kansa.

A ofis, mai kamfanin ya yi mata jaje sosai, har ya ce ta ɗauki hutu. Ta ce ba hutu take so ba, so take a manna wa benen lif na biyu ta waje, ta riga ta zana yadda za a yi. Ya ce za a duba. Sannan ya jawo wata taswira: wata unguwar ce za a rushe, benen zai fi wancan tsawo.

"Wannan karon lif biyu, matakala mai faɗi," ya ce. "Filaye kuma babu. Na san yanzu ba za ki yi min musu ba."

Ta yi masa musu. Ta ce duka biyun ake bukata, ta sake faɗa a zaman da ya biyo baya. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya miƙa aikin ga wani abokin aikinta, ita kuma aka mayar da ita zanen rumbunan ajiye kaya.

Ranakun hutu takan tafi gidan Yaya. Matar Yaya na iya ƙoƙarinta, amma ga yara ga aiki, yawanci Mama na zaune ita kaɗai a ɗaki, rediyo na magana a gefenta. Mutanen benen sun zo dubiya sau ɗaya, mota guda, suka cika gidan da hayaniya, Mama ta yi dariya da rabin bakinta har da hawaye. Hanyar ta yi nisa, ba su sake haɗuwa sun zo ba. Yaya yana amsa gaisuwar Auta, iyakarta ke nan. Ita kuma takan ɗora ruwa, ta yi wa Mama wanka, ta shafa mata mai a ƙafar da ba ta ji, ta zauna tana ba ta labarin wanda ya haihu da wanda ya tashi a hawa na tara, har Mama ta gaji ta rufe ido.